Sake Aikin Gwiwa a Abuja: Wane Ƙarfe Ya Dace da Wace Gwiwa?

Aikin sauya gwiwa ya daina zama baƙon abu a Abuja. Likitocin ƙashi suna yin sa a cikin birnin, a asibitocin gwamnati da na kuɗi, kamar yadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da na Igbobi a Legas, da na Inugu. Ban da waɗannan, akwai dattawa masu yawa, galibinsu iyayenmu mata, da 'ya'yansu suka kai Indiya ko Masar ko Dubai ko Jamus, aka kankare musu guringuntsin da amosanin gaɓɓai ya cinye, aka sa ƙarfe da roba a gurbinsa. Mafi yawansu sun dawo da murna. Wadda a da sai an kama ta take tashi daga tabarma ta koma zuwa biki da suna da ƙafarta.

Sai dai ƙarfe ma yana da wa'adi. Wani nazari da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2019, wanda ya tattara bayanan rajistar wasu ƙasashe, ya nuna cewa a cikin gwiwa 100 da aka sauya, kusan 93 suna kai shekara 15, kusan 90 suna kai shekara 20, kusan 82 kuma suna kai shekara 25. Wani nazarin da masana na Jami'ar Oxford suka fitar a 2017 ya nuna cewa wanda aka yi wa aikin bayan ya haura shekara 70, yiwuwar a sake buɗe masa gwiwa a sauran rayuwarsa kusan kashi 5 ne cikin 100, amma namijin da aka yi wa tsakanin shekara 50 da 54, tasa tana iya kai kashi 35. Ke nan duk garin da aikin farko ya yawaita, aiki na biyu yana nan tafe, kuma Abuja ta shiga wannan sahu.

Ranar da likita ya ce sai an sake aiki, abin da iyali suka fi fara tambaya shi ne wane kamfani ne ƙarfensa ya fi kyau, ko wace ƙasa za a nufa. A ganina wannan tambaya a ƙarshe ya kamata ta zo. Abubuwa uku ne suke yanke hukunci: me ya lalata aikin farko, wace jijiya ce ta rage da ƙarfinta, kuma ƙashi nawa ya saura. A Abuja akwai na huɗu, wato ko duk kayan da aikin zai iya nema suna cikin ɗakin tiyata a ranar, tare da hannun da ya saba da su.

Me ya lalata aikin farko?

Gwiwar da ake sa wa mutum gunduwa uku ce, wani lokaci huɗu. Akwai hular ƙarfe da ake kifawa a bakin ƙashin cinya, akwai farantin ƙarfe da ake ɗorawa a kan ƙashin ƙwauri, akwai roba mai tauri a tsakaninsu, sai kuma ƙaramar roba da wasu likitoci suke manna wa bayan ƙoƙon gwiwa. Yawanci da simintin ƙashi ake kafa su.

Hanyoyin lalacewarta sanannu ne. Ƙwayoyin cuta suna iya shiga. Ƙarfen yana iya saki daga jikin ƙashi ya riƙa motsi. Robar tana iya zaizayewa, garinta kuma ya tunzura jiki ya dinga cin ƙashin da ke kewaye, har a sami ramuka ba tare da mai gwiwar ya sani ba. Jijiyoyi suna iya saki, gwiwa ta riƙa ƙwacewa a kan matakala. Gwiwar tana iya sandarewa, ko ƙashi ya karye a gefen ƙarfe bayan faɗuwa, ko kuma ya zamana tun farko an ɗora ƙarfen a karkace.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa daban, shi ya sa ƙa'idar farko a wurin masana ita ce kada a buɗe gwiwa mai ciwo sai an san dalilin ciwon. Sau da yawa zafin da ake ji a gwiwa daga ƙugu ko gadon baya yake saukowa. Wanda aka sake wa ƙarfe alhali matsalarsa a baya take, an yi masa gyaran gangar Auzinawa: ya rasa kuɗi, ya rasa ƙashi, ciwon kuma yana nan.

Ƙwayoyin cuta su ne tambayar farko

Kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ne ƙwayoyin cuta suke kama musu gwiwa bayan aikin farko. Adadin kaɗan ne, amma a ko'ina yana cikin manyan dalilan sake aiki, kuma shi ne mafi wahalar magani. Ƙwayoyin suna manne wa ƙarfe su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa, don haka allura da ƙwaya kaɗai ba sa raba su da wurin. Ba kullum ake ganin mugunya ko zazzaɓi ba. Wani lokaci ciwo ne kawai da ya ƙi ƙarewa tun daga ranar aiki.

Saboda haka kafin a ambaci sunan kowane ƙarfe, sai an yi gwajin jini mai nuna kumburi, an kuma zuƙo ruwan gwiwa da allura an kai ɗakin gwaji an shuka shi. A nan ne wata ɗabi'armu take cutar da mu. Da gwiwa ta kumbura sai a aika yaro kemis ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sha kwana biyar, a daina, a sake sayo wani. Maganin ba ya warkarwa, amma yana ɓoye ƙwayar cutar har gwaji ya fito ba komai. Likitoci suna so a dakatar da irin wannan magani aƙalla mako 2 kafin a ɗebi ruwan. A ƙasa irin tamu kuma ya dace a tuna da tarin fuka, wanda yake iya zama a gaɓa, da masu sikila da masu ciwon sukari, waɗanda jikinsu ya fi saurin kamuwa.

Idan cutar sabuwa ce, cikin makonnin farko, kuma ƙarfe yana kafe daram, ana iya wanke gwiwar a sauya robar kaɗai. Idan ta daɗe, sai an cire komai. Asibitin ENDO-Klinik na birnin Hambag a Jamus ya shahara da yin cirewa da sakawa a zama ɗaya, kuma likitan da ya kafa shi, Hans-Wilhelm Buchholz, yana cikin waɗanda suka fara cuɗa magani a cikin simintin ƙashi wajen 1970. Amma wannan hanya tana buƙatar a san ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta tun kafin aiki. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta zama biyu, wadda John Insall da abokan aikinsa suka bayyana a 1983. Yadda ake yin ta a yau shi ne: a cire ƙarfe, a sa ciko na wucin gadi na siminti mai magani, a ba da magani na kusan mako 6, sai cuta ta mutu a sa sabuwar gwiwa. Ga iyali, ma'anar wannan ita ce tiyata biyu da kuɗi biyu da watanni na jinya. Gara a san haka tun farko a shirya, da a sa ƙarfe mai tsada a cikin gwiwar da ke da cuta.

Jijiyoyi da matakan riƙo

Tarihin wannan fanni shi kansa darasi ne. A 1890 wani likita a Balin, Themistocles Gluck, ya sa wa marasa lafiya gwiwar hauren giwa, cuta ta lalata aikin. A shekarun 1950 Börje Walldius na Suwidin ya fito da gwiwa mai ƙusa a tsakiya, wadda ta haɗe cinya da ƙwauri kamar yadda ake rataye ƙyaure a jikin ƙofa. Ta hana ƙwacewa, amma irin waɗannan gwiwoyi sun yi ta saki daga ƙashi, domin gwiwar ɗan Adam ba lanƙwashewa kaɗai take yi ba, tana ɗan murɗawa a kowane taku. Da ƙusa ta hana murɗawar, sai duk ƙarfin ya koma inda ƙarfen ya haɗu da ƙashi. A 1974 Insall da Chitranjan Ranawat da Peter Walker, a asibitin Hospital for Special Surgery na New York, suka fito da gwiwar da ta bar wa jijiyoyin gefe aikin riƙo, kuma daga ita ne mafi yawan gwiwoyin yau suka samo asali.

Ƙa'idar da ta fito daga wannan tarihi ita ce a zaɓi mafi ƙarancin riƙon da zai tsayar da gwiwa. Matakan huɗu ne. Na farko gwiwar da ke barin jijiyar baya ta cikin gaɓa a wurinta, wadda ba kasafai take isa a aiki na biyu ba, domin jijiyar yawanci ta riga ta lalace. Na biyu mai turke, wadda Insall da Albert Burstein suka ƙirƙiro a 1978: wani ɗan turken roba ne yake shiga rami a cikin hular ƙarfe ya yi aikin jijiyar bayan. Tana isa idan jijiyoyin gefe biyu lafiyarsu lau. Na uku mai dogon turke, wanda ya fi kauri da tsawo, yana hana gwiwa karkata hagu ko dama. Ita ake nema idan jijiyar gefe ta saki amma ba ta tsinke ba, kuma a aiki na biyu ana yawan komawa gare ta. Na huɗu mai ƙusa ta zamani, wadda aka gyara ta yadda farantinta yake barin murɗawa, irin Endo-Model ta kamfanin Link na Jamus da makamantanta na sauran kamfanoni.

Mai ƙusa tana da gurbinta, kuma idan gurbin ya zo babu abin da zai maye ta: jijiyar gefen ciki ta tafi gaba ɗaya, ko ƙashin da jijiyar take manne da shi ya cinye, ko gwiwa tana lanƙwashewa ta baya saboda raunin naman cinya. Wannan na ƙarshe ya shafe mu a Arewa, inda shan inna ya bar mutane da yawa da irin wannan ƙafa kafin a tabbatar da kawar da cutar ta daji daga Nijeriya a 2020. Amma sa mai ƙusa a gwiwar da mai turke za ta wadatar asara ce. Ana yanke ƙashi da yawa kafin ta zauna, nauyin da take jibga wa ƙashi ya fi yawa, kuma in ta lalace abin da ya rage na gyara kaɗan ne. Ɗan shekara 55 yana iya buƙatar aiki na uku, don haka duk ƙashin da aka ajiye masa yau jari ne.

Ƙashin da ya saura

Cire tsohon ƙarfe, komai taka-tsantsan, yana tafiya da ɗan ƙashi, kuma ramin da ake tararwa bayan an buɗe kusan kullum ya fi wanda hoto ya nuna. Likitoci suna auna asarar da ma'aunin da Gerard Engh na cibiyar Anderson da ke jihar Bajiniya a Amurka ya tsara, mai hawa uku. A hawa na 1 bakin ƙashi yana nan da ƙarfinsa. A hawa na 2 faffaɗan kan ƙashin ya lalace a gefe ɗaya ko duka biyun. A hawa na 3 mafi yawansa ya tafi, wani lokaci har da mazaunin jijiyoyi.

Ƙaramin rami, ƙasa da milimita 5, siminti ko garin ƙashi yana cike shi. Wanda ya fi haka sai ƙarfen ciko, wanda ake ɗaure wa hula ko faranti da noti don a mayar da gaɓa daidai tsayinta na asali. Wannan daidaitawa tana da muhimmanci, domin idan gaɓa ta hau sama da wurinta ƙoƙon gwiwa ba ya tafiya daidai, lanƙwasawa kuma ta ragu. Babban rami a tsakiyar kan ƙashi yana neman ɗaya daga cikin abubuwa biyu: mazurarin ƙarfen tantalum ko taitaniyam mai ƙananan ƙofofi, ko kube mai hawa-hawa. Dukansu an yi su ne don ƙashi mai rai ya tsiro ya shiga jikinsu ya riƙe. Kuben yana ɗaure ne kai tsaye da gwiwar kamfanin da ya ƙera shi, mazurarin kuwa da siminti ake haɗa shi da gwiwar, don haka ya fi ba likita zaɓi. Aibinsu iri ɗaya ne: suna da tsada, kuma in cuta ta dawo cire su aiki ne ja. Ana iya dasa ƙashin wani mutum, amma hakan yana buƙatar ma'ajiyar ƙashi mai tsari da tantancewa. Idan kuwa ƙarshen ƙashin cinya ya ruguje, kamar a tsohuwar da ta faɗi ƙashinta ya farfashe a gefen ƙarfe, akwai babban ƙarfen da ke maye gurbin wannan sashe duka, irin wanda aka fara ƙerawa don masu cutar dajin ƙashi.

Sai jela, wato sandar ƙarfe da ke shiga ramin ɓargo ta raba nauyi da lafiyayyen ƙashin da ke nesa da gaɓa. Akwai wadda ake kafawa da siminti, ta fi dacewa da tsohon ƙashi mai faɗin rami ko wanda ya lanƙwashe. Akwai doguwa da ake cusawa ta matse ba siminti, tana taimakawa wajen miƙar da ƙafa, amma wasu suna jin ciwo a inda bakinta ya tsaya. Bincike bai fifita ɗaya a kan ɗaya a kowane hali ba. A 2015 Rhidian Morgan-Jones na birnin Kadif da abokansa suka taƙaita batun cikin ƙa'ida mai sauƙi: ƙashi shiyya uku ne, bakin gaɓa da faffaɗan kai da doguwar sanda, kuma sabuwar gwiwa tana buƙatar kafuwa mai ƙarfi a aƙalla biyu daga ciki. Iyali ma suna iya tambayar likita a wace shiyya biyu zai kafa ƙarfen mahaifiyarsu.

Inda Abuja ta bambanta

Abuja tana da likitocin ƙashi a Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, da asibitocin kuɗi. Ƙarfen kuwa daga waje yake zuwa, da dala ake sayen sa, kuma wakilan kamfanoni ne suke kawo shi tare da akwatunan kayan aikinsa. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, wannan tashi a kan iyali ya sauka. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora, amma mai katin ya nemi a rubuta masa abin da tsarinsa ya ɗauka na kuɗin ƙarfe kafin a sa ranar aiki.

Matsin kuɗi yana jefa mutane cikin kuskure iri biyu. Wasu su matsa a sa gwiwar aikin farko, ba jela ba ciko, saboda ta fi araha, ta saki bayan 'yan shekaru. Wasu kuma, musamman masu hali, su ɗauka mafi tsada ita ce mafi kyau, su nemi mai ƙusa ko da gwiwar ba ta buƙace ta ba. Abin da ya dace shi ne likita ya shiga da shiri biyu ko uku, kuma kayan kowane shiri su kasance a ɗakin, an tafasa su, da girma daban-daban. In an buɗe aka tarar jijiya ta tsinke alhali mai ƙusa tana Legas ko tana ƙasar waje, ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar kuɗi ta haɗa da wannan shiri na ko-ta-kwana, da jini, da gwaje-gwaje, da gashin ƙashi bayan aiki. Ƙarfen kuma ya zamana mai rajistar NAFDAC, a cikin kwalinsa a rufe.

Akwai wata matsala da ta fi damun waɗanda aka yi wa aiki a waje. Gunduwoyin kamfanoni ba sa shiga juna. Robar Zimmer Biomet ba ta zama a farantin Stryker, ta DePuy ba ta zama a na Smith & Nephew, kai ko a kamfani ɗaya ma kowane samfuri da robarsa. Mutumin da robarsa kaɗai ta zaizaye, ƙarfensa yana kafe, ƙaramin aiki ya ishe shi in an san sunan ƙarfen da girmansa. In babu takarda, ko kamfanin ba shi da wakili a Nijeriya, sai a wayi gari ana fasa lafiyayyen ƙarfe daga jikin ƙashi saboda rashin roba guda ɗaya. Tun ran gini tun ran zane: mai shirin aikin farko, a gida ko a waje, ya tambayi ko gwiwar da za a sa masa tana da kayan gyara a Nijeriya.

Mai gwiwar da rayuwarsa

Gwiwar aiki na biyu yawanci ba ta lanƙwashewa kamar ta farko, kuma ba ta daɗewa kamarta. Wajibi ne a faɗa wa majinyaci wannan a fili, domin rayuwarmu a ƙasa take: sujada, zaman tahiya, cin abinci a tabarma, tsuguno a bayan gida. Kada wani ya yi alkawarin cewa wani ƙarfe na musamman zai dawo da tsuguno. Malamai sun yi bayani cewa mai uzuri yana salla a zaune, masai na zama kuma ya fi sauƙi a kan sabon ƙarfe. Burin aikin shi ne a yi tafiya ba ciwo, gwiwa ba ta ƙwacewa. Kafin aiki a daidaita sukari, a bar taba, a warkar da kowane gyambo da ciwon haƙori. Gwiwa mai ƙarfe a ciki kuma ba a kai ta wurin mai ɗori, ba a yi mata tsaga ko ƙaho, ba a yarda a soka mata allura a kemis. Idan gyara ya ƙi, abin da ya rage shi ne a haɗe ƙasusuwan biyu ƙafa ta miƙe ba lanƙwasawa, ko a yanke ta, kuma cutar da aka yi wa sakaci ce ta fi kai mutane can.

Abin da ya rage mana

Ƙasashen da suka san wane ƙarfe ne yake daɗewa da rajista suka sani. Suwidin ta fara rubuta kowace gwiwa a 1975, Ostireliya a 1999, Ingila da Wales a 2003. Malawi, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta kafa tata a 2005. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Ƙungiyar Likitocin Ƙashi ta Nijeriya su tabbatar da cewa kowane asibitin Abuja, na gwamnati da na kuɗi, yana shigar da kowace gwiwar da ya sa ko ya cire a rajista guda. Ya kamata kuma a tattara ayyuka masu wuya a 'yan cibiyoyin da ke da likitocin da suka saba, da ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta mai inganci, da likitan dashen fata, kamar yadda Ingila ta tsara nata. Aikin da likita yake yi sau ɗaya a shekara ba zai yi kyau kamar na wanda yake yin sa kowane wata ba, kuma tura majinyaci ga wanda ya fi sabawa ba abin kunya ba ne.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai gwiwar ƙarfe a gidanku, nemo takardar aikinsa da lambobin da aka ɓanɓaro daga kwalin ƙarfen da hotunan ƙashinsa, ka adana su wuri guda, ka ɗauki hotonsu a waya. In ba ku da su, ku rubuta wa asibitin da ya yi aikin tun yanzu da gwiwar take lafiya. In kuma an ce sai an sake aiki, kada ku biya ko kwabo sai likita ya gaya muku abin da ya lalata na farko, ya nuna muku sakamakon gwajin ruwan gwiwa, ya faɗi matakin riƙon da ya zaɓa da dalilinsa, ya kuma tabbatar muku cewa kayan shiri na biyu za su kasance a ɗakin tiyata a ranar.